Hular Kwanon Inna

Da dokar hular kwano ta fito, 'yan acaɓa ba su yi gardama ba. Suka saya, kowa daidai ƙarfinsa, suka rataya a gwiwar hannu. Sai ka ga mutum yana tsala gudu, iska na kaɗa masa kunnuwa, gwiwarsa kuwa na cikin tsaro sai ka ce a nan ƙwaƙwalwar take. In an doshi babban shataletale inda jami'an hanya ke tsayawa, sai a sassauta, a kifa hular a ka ba tare da an ɗaure igiyar ba, a wuce ana gaisuwa. Da an sha kwana ta koma gwiwa. Ta fasinja kuma tana ɗaure da roba a bayan babur, rana ta koɗar da ita, babu mai tambayarta.

Haka ake tafiya har aka kawo wata jami'a shataletalen. 'Yar siririya ce, ba ta da tsawo, kakinta kullum a goge, usur a wuya. Ba ta hayaniya, ba ta zagi. Za ta ɗaga maka hannu, ta gaishe ka, ta leƙa ƙarƙashin haɓarka. In ba ta ga igiya a ɗaure ba, ta zare mabuɗin babur ta rubuta maka tara. Ka ce kai ɗan wane ne, ta ce Allah ya ja da ran wane. Ka ce unguwarku ɗaya da shugabanta, ta ce to ka gaishe shi in ka koma. Ba a daɗe ba 'yan acaɓa suka raɗa mata suna Ba-Sani, wato ba sani ba sabo, kuma sunan ya yi mata daɗi har takan amsa.

A gida kuwa Auta ce. Ubansu ya rasu tana ƙarama, yayanta ne ya riƙe ta, kuma da acaɓa ya riƙe ta ɗin. A kan tankin babur ɗinsa ta yi zuwa firamare, a bayansa ta yi sakandare, shi ya kai ta har ƙofar makarantar horon jami'an hanya da akwatinta a kan cinya. Yanzu shi ne shugaban 'yan acaɓan tashar kasuwa, Ciyaman ake ce masa, mutum mai gemu da murya, wanda in ya yi gyaran murya a tasha sai an yi tsit. Ranar da aka kawo ƙanwarsa shataletale sai da ya saya wa mutanensa shayi, a zatonsa titi ya zama nasu. Bai jima ba ya gane shayin ya tafi a banza.

Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe. Tun kafin Ba-Sani ta san kaki, jami'an wurin ba sa tsayar da babur ɗin da ya ɗauko tsoho ko tsohuwa. Ba a rubuce yake ba, kunya ce kawai. Sajan, wanda ya fi kowa daɗewa a shataletalen, yakan ce ai ba a shanya dattijo a rana saboda hula. Da 'yan acaɓa suka gano haka sai tsofaffi suka yi tsada a tasha. Tsohuwa ta fito da kwandonta, babura su yanyame ta, wannan na Iya zo nan, wancan na Kaka ai ni ne jikanki. Wanda ya samu ya wuce jami'ai yana ɗaga kai, babu hula a kansa balle a nata.

Ba-Sani ta ce ita a iya saninta ƙoƙon kan tsoho bai fi na yaro tauri ba, kuma kwalta ba ta jin kunyar furfura. Ta fara tsayar da su. Cikin ladabi take yi: ta kama hannun tsohuwa ta kai ta inuwar mai facin taya, ta kwance hular da ke bayan babur ta goge ta ɗaura mata, sannan ta juyo kan mai babur da biro. Tsofaffin da yawa har addu'a suke yi mata. Masu baburan ne dai suka kai ƙara wurin Ciyaman. Wani mai baki a cikinsu, da suke kira Rediyo, ya ce shi ya san tsohuwa ɗaya da ba za a iya tsayarwa ba, in dai Ciyaman ya isa da gidansu. Maganar ta soki Ciyaman. Ya shafa gemu ya ce su zuba ido, ba a haifi 'yar da za ta ɗaga wa uwarta hannu a titi ba.

Inna, mahaifiyarsu, na fama da ciwon suga, kuma kowane mako Ciyaman ke kai ta asibiti. Ta lungunan bayan kasuwa yake bi da ita, inda babu jami'i sai awaki. Tela ce a zamaninta, har yanzu ba ta fita sai ta kafa ɗaurin kallabi mai hawa-hawa, ta daɗe gaban madubi tana gyara masa kunnuwa. Zancen hular kwano tun farko ta kashe shi. Ta ce ba za ta tusa kanta a kwanon da kowane kai ya yi gumi a ciki ba, kuma wanda ya tsare ta tun kafin ta taɓa ganin babur shi zai ci gaba da tsare ta. Auta ta sha yi mata magana a gida, Inna ta ce kaki a bakin ƙofa ake ajiye shi.

Ranar asibiti ta zo, Ciyaman ya bar lungu ya hau babban titi. Babura na biye da shi a hankali, babu fasinja ko ɗaya, an zo kallo.

Tun kafin ta gan shi Auta ta gane kukan injin, don a kansa ta girma. Ta ɗaga ido ta hango gemun yayanta, hula a gwiwa, bai ma yi wahalar kifawa ba. A bayansa ga ɗaurin kallabin da babu irinsa a gari. Sajan ma ya gani. Ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Juya ki duba takardun motar can. Ni ma ban ga komai ba."

Ba ta juya ba. Ta san in babur ɗin nan ya wuce, gobe babu mai tsaya mata, kuma duk tsohuwar da ta taɓa saukewa za ta zama wadda aka ci wa fuska don ba ta haifi jami'a ba. Ta taka zuwa tsakiyar titi ta ɗaga hannu.

Ciyaman ya taka burki yana murmushi, a zatonsa gaisuwa ce. Ta ce masa Malam a kashe babur. Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ta zare mabuɗin ta sa a aljihu, ta zagayo baya. Ta ji a ranta in ta dubi fuskar nan, in bakinta ya furta Inna, to hannunta da kansa zai mayar da mabuɗin. Sai ta kafa idonta a kan tayar baya ta faɗi abin da take faɗa wa kowace tsohuwa.

"Baiwar Allah, a taimaka a sauko."

Mai faci ma sai da ya dakata da buga taya. Inna ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta tattara mayafi ta zuro ƙafa a hankali. Auta ta miƙa hannu za ta tallafe ta, Inna ta kauce ta dafa kafaɗar ɗanta. Aka tsayar da tasi. Ta shiga, kallabin nan na gogar rufin mota.

Aka rubuta wa Ciyaman tara ta kansa da ta fasinjarsa, aka tura babur cikin harabar ofis sai ya biya. Masu kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, Rediyo ne kan gaba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: kafin la'asar duk babur ɗin da ya ratsa shataletalen igiyarsa a ɗaure take, har masu gemu da ke kukan tana cizonsu.

Fushin Ciyaman bai yi nisa ba. Ya yi kwanaki yana shan mur, sai kuma ya gano abin ya ƙara masa girma a tasha. Duk wanda ya kawo masa ƙorafin tara sai ya ce, ni da na goya ta a tanki ma ba ta bar ni ba, kai wane ne? Har ya fara ba da labarin da alfahari, yana ƙara masa gishiri.

Inna ce ba ta sauko ba.

Auta ta saba kullum in ta tashi aiki ta biya gidan yayanta, inda Inna take zaune, kafin ta wuce gidan mijinta. Ita ke gwada wa Inna suga da 'yar na'urar nan, ita ke duba mata ƙafafu, ita ke yi mata faɗa in ta ga ɓawon alewa a ƙarƙashin tabarma. Inna kuma ta kama kunnenta ta ce Auta uwar iyayi. Yanzu ta yi sallama, matar Yaya ce ke amsawa. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta ci gaba da tsintar zare a bakin zaninta. Ta ɗauko na'ura, a ce ai matar Yaya ta riga ta gwada. Abin ya dami Auta fiye da yadda take nunawa. A titi ana zaginta ƙasa-ƙasa ko a jikinta, amma shirun nan na hana ta cin abinci.

Duk da haka ba ta ga laifinta ba, kuma ta tabbata ta san maganin abin. Ta shiga kasuwa ta zaɓo hula sabuwa fil, fara, mai faɗi, wadda babu kan da ya taɓa gumi a ciki. Ta kawo ta ajiye gaban Inna. Inna ta dubi hular ta gefen ido, ta ce wa matar Yaya ta gaya wa jami'a an gode. Washegari da Auta ta zo ta tarar da hular a ƙofar kicin, cike da albasa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Auta ta zubar da albasar a faranti, ta ɗauki hular ta shiga ɗaki, ta zauna a ƙasa gaban gadon Inna. Ta ce yau ko za a kore ta sai ta yi magana. Ta ce mutane na ganin tara take so, alhali ba aljihunta take shiga ba. Ta ce in aka yi haɗari a titin nan su ake fara kira, su ke isa kafin motar asibiti, su ke rufe wanda ya rigaya da abin da ya samu. Ta faɗi yadda takalmi ke cirewa ya tsaya can gefe shi kaɗai, da yadda ita kullum takalmin take fara dubawa tun daga nesa, gabanta na faɗuwa, ko na Yaya ne, ko silifan Inna ne. Ta ce ta gwammace Inna ta yi fushi da ita tana raye.

Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ajiye zaren hannunta, karo na farko tun ranar ta dubi Auta sosai.

"Ke a zatonki hula ce ta dame ni?"

Inna ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Tarar da kika ci yayanki maganinsa ke nan. Da gangan ya bi da ni ta can, ina sane, ba yau na haife shi ba. Saukewar da kika yi min ma ban ji ciwonta ba, aikinki ne. Amma a gaban jama'a ki dubi taya ki ce min baiwar Allah? Ni na goya ki da zani ɗaya ban taɓa yar da ke ba. Ke kuwa kina sa kaki kika yar da ni."

Auta ta ce wallahi ba raini ba ne. Ta ce da ta kira ta Inna a wurin nan da ba za ta iya ba, da ta mayar da mabuɗin.

"To ba ki iya aikin ba tukuna," in ji Inna. "Aikin da sai kin zama marainiya za ki yi shi."

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi. Auta ta jima a zaune. Da ta ga babu ƙari ta tashi, ta bar hular a bakin gado. A hanya tana ta juya maganar, tana neman inda za ta kama ta musa, ba ta samu ba.

Ranar asibiti ta sake zagayowa. Da safe Ciyaman ya karkata zai shiga lungu, Inna ta dafa bayansa ta ce babban titi. Ya ce Inna don Allah a rufa masa asiri, wancan karon bai gama farfaɗowa ba. Ta ce babban titi ta ce. Shi dai tasa hular a ɗaure take tam, gemu ya leƙo ta gefe da gefe. Ita kuwa ta kafa kallabin da ya fi na wancan makon tsawo. Labari ba ya kwana a tasha, kafin su isa babura sun yi layi a gefen shataletale.

Auta ta ji kukan injin. Sajan ya dube ta, wannan karon gefe kawai ya matsa. Ta gyara zaman hularta ta taka tsakiyar titi ta ɗaga hannu. Babur ya tsaya.

Ta wuce yayanta ta zagaya baya. Ta durƙusa har ƙasa, gwiwar kakinta a kan kwalta, ta ɗaga kai ta dubi fuskar uwarta.

"Inna, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?"

Da ƙarfi ta faɗa, har na ƙarshen layi ya ji. Inna ta amsa lafiya lau. Ba ta tsaya nan ba, ta tambayi mijin Auta, ta tambayi aiki, ta tambayi ko ta karya kafin ta fito. Motoci sun taru a baya ana ta danna oda, Inna ko gezau, sai da ta kai gaisuwar inda take so. Auta na amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana jin abin nan da take tsoro yana taso mata a ƙirji. Ciyaman ya ɗora hannu a kan mabuɗi yana jiran a ce su wuce.

Auta ta miƙe. Ba ta kau da ido ba.

"Inna, ki sauko. Ba za ki wuce nan da kai a buɗe ba."

Muryar ta ɗan karye a tsakiya, amma maganar ta fita duka. Wani a cikin masu kallo ya ja numfashi. Inna ba ta motsa ba, tana nazarin 'yarta yadda take nazarin ɗinki kafin ta ba mai shi. Sannan ta ɗaga gefen mayafinta. Farar hular na kan cinyarta tun daga gida. Ta sa hannu biyu ta warware kallabin da ta ɓata safiya tana kafawa, ta mayar da shi ɗauri sassauƙa, ta miƙa hular.

"Zo ki sa min, ban iya ba."

Auta ta karɓa. Har yanzu da ɗan warin albasa. Ta kifa mata a hankali, ta gyara mata kunnuwan kallabi a ciki, ta zaro igiyar ta kai ƙarƙashin haɓa. Yatsunta suka taɓa fatar wuyan nan, ta ji yadda ta yi laushi ta saki, yadda ciwo ya ramar da Inna, ita kuwa ba ta lura ba. Sai da ta gwada sau da yawa kafin maɗaurin ya kama, don idonta ya cika ba ta gani sosai.

Inna ta girgiza kai ta ji ko za ta faɗi, ba ta faɗi ba. Ta nuna ɗanta da haɓa ta ce a rubuta masa, ai da kai a buɗe ya ɗauko ta tun daga gida. Ciyaman ya waiwayo baki buɗe ya ce Inna ke fa kika ce, ta ce ita fasinja ce, shi ne mai babur. Masu kallo suka fashe da dariya, har Sajan sai da ya juya baya yana riƙe ciki. Auta ta ciro biro ta rubuta, ta miƙa wa yayanta da hannu biyu. Ya karɓa yana ƙunƙuni cewa shi dai a gidan nan bai san wanda ya yi wa laifi ba.

Ya tayar da babur. Inna ta riƙe rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta miƙo ta kama kunnen jami'a a gaban kowa, ta ɗan ja.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. In kin tashi ki biyo, ke za ki gwada min sugan."